DDS, TGA, PNG ko BMP: wanne za ka zaɓa in kana sabunta fatun Morrowind?

Ka ɓata kwana biyu kana gyara hoton bangon gidajen Balmora, wani gari a cikin wasan kwamfuta na Morrowind, ka fito da tsagin duwatsu, ka daidaita launin ƙasa, ya yi kyau har kana jin daɗin kallonsa. Da ka zo adanawa sai manhaja ta jero maka sigogin fayil kusan ashirin ta ce zaɓi ɗaya. A nan ne mutane da yawa suke lalata aikin da suka sha wahala a kansa, domin sigar da ta fi kyau a ido ba lallai ce wasan yake karantawa ba, wadda kuma ta fi ƙanƙanta a faifai tana iya zama wadda ta fi cinye memori.

Na ɗauki Morrowind ne, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2002, saboda yana karɓar sigogi uku, wato DDS da TGA da BMP, don haka akwai zaɓi na gaske a cikinsa. Wasannin da suka biyo bayansa, irin su Oblivion na 2006, DDS kawai suka sani. Abin da nake kira fata shi ne hoton da ake lulluɓe siffar abu da shi a cikin wasa, wanda 'yan harkar suke kira tekisca: bango, sulke, ganyen bishiya, fuskar mutum, duk fata ce aka shimfiɗa a kan ƙashi.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko, wanda in aka faɗi a kansa sauran ba su da amfani: injin wasan yana buɗe fayil ɗin? An gina Morrowind a kan DirectX 8, tsohon tsarin Microsoft na zana hotuna a wasanni, duk abin da aka ƙirƙiro bayan zamaninsa baƙo ne a wurinsa.

Na biyu tsada. Ba kuɗin sayen siga nake nufi ba, duk kyauta ne. Tsadar kashi uku ce: wurin da fayil zai ci a faifai, datar da mai saukewa zai ƙona, da kuma wurin da zai ci a memorin katin hoto, wato ɓangaren kwamfutar da ke zana hoto a allo, lokacin wasa. Na ukun shi ne mai zafi. Wanda yake wasa da kwamfutar hannu ta gwanjo mai katin Intel na cikin jiki, katin nan ba shi da memorinsa na kansa, daga na kwamfutar yake yanka. Kuma Morrowind na asali manhaja ce mai bit 32, gigabait 2 kaɗai take iya riƙewa sai in an yi mata facin da ke kai ta 4.

Na uku ƙarko: in aka buɗe fayil aka gyara aka sake adanawa sau uku ko huɗu, hoton yana nan yadda yake ko yana zagwanyewa?

Na huɗu sauƙin aiki, na biyar kuma haɗari, wato irin kuskuren da sigar ke jefa mutum ciki ba tare da ya sani ba. Akwai kuma abu biyu da za su riƙa dawowa a bayani. Ɗaya shi ne alfa, layin da ke faɗa wa wasa inda hoto yake a rufe da inda ake gani ta cikinsa, kamar tsakanin ganyaye ko gilashin taga. Ɗayan shi ne mipmap, jerin ƙananan kwafi na hoton, kowanne rabin na gabansa, daga ɗigo 1024 a kowane gefe zuwa 512 zuwa 256 har ɗigo ɗaya. Wasa yana ɗauko ƙaramin kwafi in abu yana nesa. In babu su, rufin gida da ke can nesa sai ya riƙa ƙyalƙyali yana rawa duk lokacin da ka motsa, kuma katin hoto ya fi wahala. Jerin gaba ɗaya kashi ɗaya bisa uku kawai yake ƙarawa a nauyin fayil.

BMP

Ba zan daɗe a kansa ba. Wasan yana karanta shi, kowace manhaja tana adana shi, kuma ba ya rage ingancin hoto. Amma ba matsewa, ba mipmap, kuma a aikace ba alfa. Za ka ci karo da shi a tsofaffin mod, wato gyare-gyaren da 'yan wasa ke ƙara wa wasan, na farkon shekarun 2000. In ka same shi, ka juya shi zuwa DDS. Ban ga dalilin da zai sa a fara sabon aiki da shi ba.

JPEG da PNG

Na haɗa su ne domin su biyun mutane suka fi sani, kuma su biyun Morrowind na asali ba ya amfani da su a matsayin fata. Amma halinsu ya sha bamban.

JPEG, wanda ya fito a 1992, an yi shi ne don hotunan kyamara. Yana yanka hoto gida-gida, ɗigo takwas-takwas, yana zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba, kuma duk sake adanawa sabuwar asara ce. Ba shi da alfa. Wurinsa ɗaya a wannan aiki: hoton bango ko na itace da ka ɗauka da wayarka a matsayin kayan farawa. Da zarar ka buɗe shi, ka adana a wata sigar.

PNG kuwa, na 1996, ba ya zubar da ko ɗigo ɗaya. Ka adana sau ɗari, yana nan. Yana da alfa cikakke mai mataki 256, kuma a faifai ya fi TGA ƙanƙanta. Ta fuskar ƙarko babu wanda ya fi shi a cikin waɗannan. Inda yake ruɗar mutane shi ne nauyi. Matsewar PNG irin ta fayil ɗin zip ce, katin hoto ba ya iya karanta ta kai tsaye, sai an warware hoton gaba ɗaya kafin a ɗora shi. PNG mai 1024 da ya nuna maka ƙaramin nauyi a folda, in ya shiga memori da alfarsa megabait 4 ne cif, daidai da TGA. OpenMW, sabon injin da masu sa kai suka rubuta don kunna Morrowind, yana iya buɗe PNG, shi ya sa wasu suke sakin aikinsu a haka don a rage data. An gudu daga gara an faɗa gidan zago: saukewa ta yi sauƙi, wasa ya yi nauyi, kuma duk mai injin asali an rufe masa ƙofa.

TGA

Kamfanin Truevision ne ya fito da shi a 1984, kuma shekaru da dama shi ne abin hannun masu zanen wasanni. Bit 24 in babu alfa, 32 in akwai. Ba ya rage inganci, GIMP da Paint.NET da Photoshop duk suna adana shi ba tare da an ƙara musu komai ba, kuma Morrowind yana karanta shi. Lokacin da kake gwaji, kana gyarawa kana shiga wasa kana dubawa, yana da daɗin aiki. In manhaja ta tambaye ka matsewar RLE, ka cire alamar, domin TGA maras matsi shi ne tsofaffin kayan aiki suka fi aminta da shi.

Tsadarsa ita ce matsalar. Hoto mai 2048 a bit 32 megabait 16 ne, kuma ba ya ɗauke da mipmap, sai dai injin ya ƙirƙira su lokacin lodi ko a tafi babu su. Abin mamaki, in ka dunƙule shi a 7z, wato kunshi irin na zip, yana matsuwa sosai, don haka mai saukewa ba zai ga nauyinsa ba sai ya kunna wasa.

Ga kuma tarkon da ya fi kama sababbin shiga. In ka buɗe siffar wani abu na wasan da NifSkope, manhajar duba fayilolin siffofi, za ka ga sunan fatarsa yana ƙarewa da .tga. Sai ka ɗauka TGA ake so, ka adana naka da wannan suna, ka jefa a Data Files\Textures, ka shiga wasa ka tarar babu abin da ya sauya. Dalili shi ne an juya fatun da ke cikin Morrowind.bsa, babban kunshin fayilolin wasan na asali, zuwa DDS, aka bar sunayen da ke cikin siffofi yadda suke, injin kuma yana fara neman mai ƙarshen .dds kafin ya waiwayi TGA. Tunda na asalin DDS ne, shi zai ci gaba da fitowa. Ke nan in fatar wasan ta asali kake maye gurbinta, TGA ya fita daga takara tun kafin a fara. Yana aiki ne a sabon abu mai sabon suna, da kuma hotunan da ake nunawa lokacin lodi, waɗanda ke cikin foldar Splash.

DDS, da ire-irensa

A nan zan zauna, domin DDS ba siga ɗaya ba ce, buhu ne, kuma abin da ka zuba a ciki shi ne zancen. Microsoft ne ya kawo shi tare da DirectX 7 a 1999. Matsewar da aka fi sa masa, S3TC, kamfanin S3 Graphics ne ya ƙirƙira ta don katinsa Savage3D. Abin da ya raba ta da ta PNG da JPEG shi ne katin hoto yana karanta ta a matse. Ba a warware ta. Nauyin da ka gani a folda shi ne nauyin da zai zauna a memori. Kuma mipmap suna cikin fayil ɗin, a shirye.

DXT1, na farko cikin ire-iren matsewar S3TC, yana raba hoto gida-gida, ɗigo huɗu a tsaye huɗu a kwance, wato 16 a kowane gida. A kowane gida yana adana launi biyu kacal, ya lissafo wasu biyu a tsakaninsu, sannan kowane ɗigo ya zaɓi ɗaya cikin huɗun. Bit 64 ke nan ga ɗigo 16, bit 4 ga kowanne, kashi ɗaya bisa takwas na hoto mai bit 32. A dutse, ƙasa, itace, tokar yankin Ashlands na cikin wasan, bangon laka, da wuya ido ya kama bambanci, domin launukan da ke maƙwabtaka dangin juna ne. Inda yake kasawa shi ne gidan da ja da kore da shuɗi suka haɗu, ko launi mai sauyawa a hankali kamar sararin sama da yamma, inda za ka ga layi-layi kamar matakala. Akwai wani lahani kuma: launukan nan biyu ana adana su da bit 5 na ja, 6 na kore, 5 na shuɗi. Saboda kore ya fi sauran mataki, ruwan toka tsantsa yakan karkata ya yi ɗan kore-kore ko shunayya. Mai yin sulken ƙarfe ya lura da wannan.

DXT1 yana da alfa, amma na e ko a'a ne: ɗigo ko a rufe ko a buɗe. Kuma ɗigon da ke buɗe baƙi ne a ƙarƙashi, shi ya sa ganye yakan fito da baƙin zagaye a gefensa. Ya isa ga shinge ko raga mai kaifin gefe. Ban yarda da shi a gashi ko hayaƙi ba.

DXT3 da DXT5 kowannensu ninkin DXT1 ne a nauyi, bit 8 ga ɗigo, kuma ƙarin gaba ɗaya na alfa ne. Wannan magana tana da muhimmanci: ɓangaren launi iri ɗaya ne a duka ukun. Wanda ya adana bangon da ba shi da alfa a DXT5 yana zaton ya fi inganci, ya ninka nauyi ne kawai bai ƙaru da komai ba. Na sha buɗe manyan tarin fatu na tarar rabinsu haka suke, kuma yana ba ni takaici, domin masu ƙananan kwamfutoci ne suke biyan wannan kuskure. Tsakanin su biyun, DXT3 yana ba kowane ɗigo ɗaya daga matakai 16 ƙayyadaddu, don haka ya iya gefe mai kaifi amma yana yin matakala a abu mai dusashewa. DXT5 yana adana iyaka biyu a kowane gida ya lissafo matakai a tsakaninsu, sai dusashewa ta fito sumul. A gajimare, gilashi, hayaƙi, gashi da ganye mai laushin gefe, DXT5 ne. In kana shakka tsakaninsu, ɗauki DXT5, da wuya ka yi da-na-sani. Ka tuna dai alfa ba ya aiki shi kaɗai: in siffar ba ta da NiAlphaProperty a cikinta, wato alamar da ke kunna alfa, wasan zai yi kamar bai ga alfar ba.

Akwai kuma DDS maras matsi, wanda za ka ga an rubuta A8R8G8B8 ko makamancin haka. Nauyinsa na TGA ne, amma yana da mipmap kuma yana da ƙarshen .dds, don haka yana maye gurbin fatar asali. Shi ne mafita ga 'yan abubuwan da matsi ke ɓatawa: sama, rubutu, kayan allon umarni.

Sai BC7, wanda ya zo da DirectX 11 a 2009. Nauyinsa ɗaya da DXT5, ingancinsa ya fi nesa ba kusa ba. Skyrim Special Edition na 2016 yana amfani da shi, amma Skyrim na 2011 bai san shi ba, balle Morrowind na asali. Haɗarin ba a BC7 kaɗai yake ba. Sababbin manhajoji suna kiran DXT1 da BC1, DXT3 da BC2, DXT5 da BC3, kuma a jerin Paint.NET za ka ga BC1 sau biyu, ɗaya an rubuta Linear da DXT1 a gefensa, ɗaya sRGB da DX 10+. Na biyun yana rubuta wa fayil sabon kai, wato bayanin da ke farkon fayil, wanda tsohon inji ba ya ganewa. Fayil ɗin zai buɗe lafiya a manhajarka, a wasa kuma ya ƙi. Duk abin da ka ga DX 10 ko DX 11 a jikinsa, ka tsallake shi. In fata ta ƙi fitowa, ka leƙa Warnings.txt a foldar wasan, nan yake rubuta abin da ya kasa buɗewa.

Ta fuskar ƙarko, DDS mai matsi shi ne mafi rauni bayan JPEG. Ka buɗe DXT1 ka ɗan ƙara haske ka sake adanawa, an matse abin da aka riga aka matse. Sau biyu ko uku, gidajen nan na ɗigo 16 za su fara bayyana ƙarara. Shi ya sa ban taɓa ɗaukar DDS a matsayin wurin ajiyar aiki ba. Uwar aikin tana zaune a XCF na GIMP ko PSD na Photoshop da duk shimfiɗunta, ko a PNG, DDS kuma daga gare ta ake fitar da shi duk lokacin da aka yi gyara, a zubar da na jiya.

Kayan aikinsa ba sa bukatar ko kwabo. GIMP yana adana DDS da kansa tun daga 2.10.10. Paint.NET ma haka. NVIDIA Texture Tools Exporter da Compressonator na AMD suna nuna maka hoton kafin matsi da bayansa, gefe da gefe. In fatun da yawa ne, texconv na Microsoft yana juya su da umarni ɗaya, misali `texconv -f BC1_UNORM -dx9 bango.png`, kuma wannan -dx9 ɗin shi ke tilasta tsohon kan fayil.

A taƙaice cikin jadawali

Lissafin na hoto ne mai 1024 a tsaye 1024 a kwance, ba tare da mipmap ba.

| Siga | Morrowind na asali | Nauyi a memori | Alfa | Mipmap a ciki | Jure sake adanawa |
|---|---|---|---|---|---|
| BMP | yana karantawa | MB 3 zuwa 4 | babu a aikace | babu | yana jurewa |
| JPEG | a'a | MB 3 zuwa 4 | babu | babu | ba ya jurewa |
| PNG | a'a | MB 3 zuwa 4 | cikakke | babu | yana jurewa |
| TGA | yana karantawa | MB 3 zuwa 4 | cikakke | babu | yana jurewa |
| DDS maras matsi | yana karantawa | MB 4 | cikakke | akwai | yana jurewa |
| DDS DXT1 | yana karantawa | KB 512 | e ko a'a | akwai | ba ya jurewa |
| DDS DXT3 | yana karantawa | MB 1 | mataki 16 | akwai | ba ya jurewa |
| DDS DXT5 | yana karantawa | MB 1 | mai laushi | akwai | ba ya jurewa |
| DDS BC7 | a'a | MB 1 | mai laushi | akwai | ba ya jurewa |

Don a ga girman tazarar: fatu ɗari masu 2048, marasa matsi, tare da mipmap, sun haura gigabait 2, wato sun cika tsohon injin maƙil. Su ɗin dai a DXT1 kusan megabait 267 ne. Morrowind wasa ne da aka yi wa katin hoto mai megabait 32, fatunsa da yawa 256 ne ko ƙasa da haka, don haka ko 1024 ma ninki goma sha shida ne na yawan ɗigon mai 256. Cokali da kwalbar magani ba sa bukatar 2048.

Abu biyu da ba na siga ba ne amma ana ɗora wa siga laifinsu. Na farko, tsawo da faɗin fata su zama daga jerin ninki: 64, 128, 256, 512, 1024, 2048. Ba dole su zama daidai da juna ba, 512 da 1024 ya halatta, 1000 da 1000 bai halatta ba. Na biyu, injin asali yana duba kwanan watan fayil, in na BSA ya fi na fatarka sabunta, na cikin BSA zai ɗauka. Masu kwafin Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, sukan gamu da wannan, maganinsa a mayar da kwanan watan fayilolin BSA baya. OpenMW ba ya wannan lissafi, abin da ke folda shi ke gaba.

Wanne ga wa

In kana maye gurbin bango, ƙasa, duwatsu, katako ko tufafin da ba a gani ta cikinsu, DXT1 da mipmap. Mafi yawan aikinka a nan zai faɗa.

In ganye ne, gashi, gilashi, gajimare ko hasken sihiri, DXT5 da mipmap, ka kuma duba siffar a NifSkope ka tabbatar tana da alamar alfa.

In sararin sama ne ko wani launi mai sauyawa a hankali, ka fara gwada DXT, ka shiga wasa da hantsi da kuma almuru ka duba. In ka ga matakala, koma DDS maras matsi, ka rage girman hoton zuwa rabi don rama nauyin. Sau da yawa 512 maras matsi ya fi 1024 mai matsi kyau a irin wannan wuri, kuma nauyinsa ɗaya da DXT5 mai 1024.

In ƙananan hotunan jakar kaya ne, masu ɗigo 32, TGA ko DDS maras matsi, ba mipmap, tunda ba a kallonsu daga nesa kuma nauyinsu kilobait 4 ne kacal. Hotunan lodi na foldar Splash, TGA.

In kai da wani kuke aiki tare kuna aika wa juna, ko kana ajiye kwafin da za ka dawo masa baɗi, PNG ko XCF.

In kuma aikinka na masu ƙananan kwamfutoci ne, ka fitar da kunshi biyu daga uwar aiki ɗaya, na 1024 da na 512, ka rubuta nauyin kowanne a jikin sunansa, mai saukewa ya zaɓi wanda datarsa da katinsa za su ɗauka.